Yadda Na Raka Ƙanena Mai Larurar Ƙwaƙwalwa a Jirgin Sama

Da doguwar tafiya ta kama ƙanena, wanda ya daɗe yana shan maganin larurar da likitoci ke kira baifola, wato wadda ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ta jefa shi cikin matsananciyar damuwa, kan 'yan'uwa ya rabu. Wasu suka ce mai wannan larura ba shi ba jirgin sama, wasu kuma suka ce tunda ya samu sauƙi a bar shi ya tafi shi kaɗai. Likitansa muka bar wa hukunci, ni kuma aka ɗora mini rakiya.

Tambayar farko da likitan ya yi masa a kan barci ce: awa nawa yake samu, kuma ko ya sami tangarɗa a watannin baya. Ya bayyana mana cewa abin da ya fi tayar da wannan ciwo a tafiya shi ne rikicewar lokacin barci idan an tsallaka ƙasashe masu bambancin agogo. Wani bincike da aka wallafa a 1982 kan matafiyan da aka kwantar a asibiti daga filin jirgin Heathrow na Landan ya nuna cewa zumuɗi ya fi kama waɗanda suka nufi gabas, damuwa kuma waɗanda suka nufi yamma. Mu gabas muka nufa, don haka likitan ya rubuta mana jadawalin shan magani sa'a bayan sa'a, da takardar da ke ɗauke da sunayen magungunan, domin wasu ƙasashe na tsananta doka kan magungunan kwantar da hankali. Ya kuma ja kunnenmu kan ruwa, saboda iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, mai shan litiyom kuwa, wato ɗaya daga cikin magungunan wannan larura, idan ruwan jikinsa ya ragu maganin na iya taruwa a jininsa har ya zama guba. Magungunan duka a jakar hannu muka sa su, cikin kwalayensu na asali, muka kuma cike fom ɗin MEDIF da kamfanonin jirage ke amfani da shi wajen tantance lafiyar fasinja.

Rabin tafiyar lafiya lau. Sai da aka rage fitilu mutane suka fara gyangyaɗi na lura maganarsa ta ƙara sauri, yana tsalle daga wannan shiri zuwa wancan, yatsunsa na kaɗa murfin kofi ba tsayawa. Ya ce, “Yaya, ni fa ba na jin barci ko kaɗan.” Wanda bai san shi ba zai ɗauka murnar tafiya ce, amma ni na san mafarin abin. Na kashe allon da ke gabansa, na roƙi ma'aikaciyar jirgin a hankali da ta daina kawo masa gahawa, ya sha maganin dare a lokacin da aka tsara, ya toshe kunnuwa ya rufe ido. Ya daɗe yana juyi kafin barci ya ɗauke shi.

A ganina, hana duk mai larurar ƙwaƙwalwa shiga jirgi zalunci ne, domin mafi yawansu suna tafiya ba wanda ya ma lura. Amma wanda ciwonsa ke tashe, ko aka sauya masa magani kwanan nan, ɗage masa tafiya shi ne gata. Yarjejeniyar Tokyo ta 1963, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan laifukan da ake aikatawa a cikin jirgin sama, ta ba matuƙin jirgi ikon sa a tsare fasinjan da ke barazana ga tsaro, ya kuma sauke shi, kuma ba na fatan mara lafiya ya fuskanci haka a gaban baƙi, nesa da likitansa.

Sauka ma ba ita ce ƙarshen kula ba. Kwanakin farko bayan isarmu ne barcinsa ya fi rikicewa, shi ya sa muka bar su ba wata hidima, da lambar likitan ƙwaƙwalwa na can a hannunmu, da tikitin dawowa wanda ake iya sauya ranarsa.