Iyakar Aikin Mai Ƙera Haƙori: Abin da Na Koya a Zariya

A ɗakin ƙira da na fara aiki a Sabon Garin Zariya, ba ma ganin marasa lafiya ido da ido. Abin da ke iso mana shi ne awon bakinsu, wanda likita ya ɗauka da aljinet, wani kwaɓi mai laushi da ke ɗauko siffar baki, aka naɗe da auduga mai danshi cikin leda, tare da takardar umarni da ke bayyana haƙora nawa za a sa, a muƙamuƙin sama ko na ƙasa, wane launi, kuma waɗanne daga cikin haƙoran da suka rage ne za su riƙe ƙugiyar waya. Mukan zuba filasta cikin awon tun kafin ya bushe ya motse, mu fitar da samfurin baki, mu jera haƙora a kan kaki, a mayar wa likita ya gwada a bakin mai shi, sannan aikin ya dawo mana mu dafa robar da za ta riƙe haƙoran cikin ruwan zafi na tsawon sa'o'i, mu kankare, mu goge har ta yi santsi. A shekarata ta farko na ɗauki takardar umarnin nan a matsayin ƙa'idar ofis kawai, domin a ganina duk abin da likita ya rubuta ina iya karanta shi da kaina a jikin filasta.

An koya mana dokokin sana'ar tun muna makarantar tarayya ta koyon ƙera haƙori da ke Inugu, wadda asalinta a Legas aka kafa ta a 1955. Doka mai lamba 43 ta shekarar 1987 ce ta kafa hukumar rajistar masu fasahar ƙera haƙori ta Najeriya, wato DTRBN, ita ke tantance wanda ya cancanci shiga sana'ar, ta yi masa rajista, ta ba shi lasisin da ake sabuntawa duk shekara. Masu wanke haƙora da kula da dasashi suna da tasu hukumar daban, wadda doka mai lamba 81 ta 1993 ta kafa, likitocin haƙori kuma suna ƙarƙashin majalisar likitoci ta MDCN. Duba marar lafiya, da gano cutarsa, da yanke shawarar abin da za a yi wa bakinsa, aikin likitan haƙori ne, namu kuwa ƙera abin da aka yanke shawarar sawa. Na haddace duk wannan domin jarrabawa, na kuma ci jarrabawar, amma ban taɓa zama na tambayi kaina dalilin da ya sa aka raba aikin ta wannan fuska ba.

Da na dawo gida, unguwa gaba ɗaya ta laƙaba mini “likitan haƙori”. Na yi ta gyara wa mutane na ɗan lokaci, daga baya na bari, kuma gaskiyar magana ita ce sunan ya yi mini daɗi. Wanda bai zauna cikin mutanenmu ba ba zai fahimci nauyin da ke kan yaron da ya yi karatu ya dawo ba: maƙwabci ya san kana ƙera haƙori, ya san kuɗin asibiti da jeka-ka-dawo sun fi ƙarfinsa, idan kuwa ka ce masa doka ta hana ka taɓa bakinsa, abin da zai ji shi ne kana yi masa rowa ko girman kai.

Akwai wani dattijo abokin mahaifina a cikin birni, wanda ke karantar da yara Alƙur'ani a zaurensa. Haƙoransa huɗu na gaba a sama sun zube ɗaya bayan ɗaya, giɓin ya fara shafar karatunsa, domin sinun da fa'un sun daina fita daga mafitarsu yadda ya saba. Wata rana bayan sallar La'asar ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗana, ina biya wa yara harafi suna maimaita shi a karkace. Ka taimaki babanka.” Na ce, “To Baba, in Allah ya yarda.” Ban iya ce masa ya fara zuwa wurin likita ba. Na ɗauki awonsa da kaina a zauren, na yi aikin da daddare bayan an tashi, na sa ƙugiya a kan fiƙoƙinsa biyu da kuma turame biyu na baya. Har yau ina ganin aikin yana cikin mafi kyawun abin da hannuna ya taɓa yi, launi ya dace da sauran haƙoransa da goro ya rina, cizo ya zauna daidai, kuma ranar da ya sa ya karanta Fatiha a gabana idanunsa sun cika da hawaye.

Bai kai wata uku ba ya aiko a kira ni. Dasashinsa ya kumbura yana zubar da jini, fiƙa ɗaya tana rawa har ana iya motsa ta da yatsa. A ranar na ɗauke shi a Keke Napep na kai shi wurin likitar da ke aiko mana da aiki. Ta auna zurfin aljihun da ke tsakanin dasashi da haƙori, ta sa aka ɗauki hoton ƙashi, sai ga shi ƙashin da ke riƙe da saiwoyin ya zaizaye sosai. Ta tambaye shi ko yana yawan jin ƙishirwa da tashi fitsarin dare, ya ce ya daɗe da hakan, ta tura shi gwajin jini, aka samu yana da ciwon suga wanda bai san da shi ba. Cutar dasashi ce ta zubar masa da haƙoran farko, ciwon sugan kuma yana ƙara mata ƙarfi. Ni kuwa na zo na ɗora nauyin haƙoran roba a kan saiwoyin da da kyar suke tsaye, duk sawa da cirewa ƙugiyar tana ƙara jijjiga su. Likitar ta ce da wuya a ce haƙoran za su daɗe ko da ban taɓa su ba, amma da an fara da wanke dasashi da daidaita sugan, da an tsara robar ta wata hanya dabam, wataƙila da ya ci gaba da amfana da su na wani lokaci mai tsawo.

Ba ta yi mini faɗa a gaban Baba ba. Bayan ya fita ta ɗauko samfurin filastar da na zo da shi ta ajiye kusa da hoton, ta ce in nuna mata inda zaizayar ƙashin ta bayyana a jikin filastar. Na jujjuya shi na rasa. Filasta tana ɗauko siffar abin da ke sama ne kawai, haƙori mai rawa da haƙori mai ƙarfi kamanninsu ɗaya a cikinta, haka ma tabon da ba shi da illa da gyambon da ke iya zama farkon sankarar baki. An horar da ni shekaru a kan kayan aiki, da yadda roba ke motsewa idan an dafa ta, da yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa, amma ba a horar da ni a kan tattara tarihin lafiyar mutum, ko karanta hoton ƙashi, ko gane mikin da ya ƙi warkewa bayan mako biyu ko uku ba. Takardar umarnin da na raina shaida ce cewa wani mai wannan ilimin ya duba bakin, ya kuma ɗauki alhakin abin da ya yanke.

Maigidana a wurin aiki, wanda ya shafe shekaru masu yawa a sana'ar, da ya ji labarin sai ya ce mini gwanin dutse ba ya shiga kogi da sunan shi ma gwani ne. Ya kuma tunatar da ni cewa lasisin da ke rataye a bangonmu ana iya karɓe shi, kuma da abin ya fi haka muni, da ba ni da wata hujja a gaban hukuma ko a gaban iyalin Baba.

Daga baya na fara lura da irin aikin da ake kawo wa likitar daga hannun masu sa haƙori na kasuwa da masu yawo ƙauyukan Giwa da Soba da Makarfi ranar cin kasuwa. Mafi yawan abin da suke yi shi ne su kwaɓa robar nan mai daskarewa da kanta ba tare da dahuwa ba, su manna haƙori ɗaya ko biyu kai tsaye a jikin haƙoran da ke gefen giɓin, ta yadda ba ya ciruwa. Mai shi yakan tafi yana murna domin an gama masa cikin ƙasa da sa'a guda kuma da arha. Sai dai wannan roba tana yin zafi yayin daskarewa, ruwan haɗinta yana ƙona naman baki, kuma tun da ba a iya cire ta a wanke, abinci yana taruwa a ƙarƙashinta wanda asuwaki ko buroshi ba sa kaiwa gare shi. Bayan watanni sai wari, sai ruɓa, sai a rasa haƙoran gefen ma. Ga kuma batun kayan aikin da ake fitarwa daga bakin wani a sa a na wani ba tare da an dafa su ba, alhali ciwon hanta yana yaɗuwa ta jini. Ko haƙorin Makka da alhazanmu ke alfahari da shi, na ga waɗanda aka kwaɓa musu shi bai zauna daidai a kan haƙorin ba, ruɓa ta cinye haƙorin asali a ƙarƙashinsa ba su sani ba. Na daɗe ina kallon waɗannan masu aikin a matsayin wasu mutane daban da ni, sai da na tuna cewa a zauren Baba, duk da takardun shaidata, matakin farko da suke tsallakewa shi na tsallake.

Duk da haka ba na ganin yadda aka shata iyakar a ƙasarmu shi ne ƙarshen magana. Wasu ƙasashe sun buɗe hanya ta tsakiya. A Ingila akwai rukunin masu ƙera haƙori da ke ƙaro horon duba baki, a yi musu rajista ta daban, a ba su damar karɓar wanda ba shi da haƙori ko ɗaya kai tsaye su yi masa cikakken jeri, amma idan mutum yana da sauran haƙoransa, sai likita ya fara dubawa ya tsara aikin. A Kanada sana'a ce mai zaman kanta da lardunan ƙasar suka yi wa doka, a Amurka kuma wasu jihohi ƙalilan ne suka amince da ita, cikinsu har da Oregon, inda masu jefa ƙuri'a suka yarda da hakan a 1978. Abin lura shi ne a duk waɗannan wurare sai da aka ƙara karatu da jarrabawa kafin a faɗaɗa hurumi, kuma ko a Ingila, baki irin na Baba, mai sauran haƙora, da sai ya bi ta hannun likita. A yankinmu likitocin haƙori sun taru ne a manyan garuruwa da asibitoci irin na koyarwa da ke Shika, mutumin ƙauye kuma wanda ya fi kusa da shi yake zuwa wa. Ina ganin ya dace hukumominmu su zauna su duba yiwuwar irin wannan horo na ƙari ga masu rajista, da hurumi a rubuce wanda kowa ya san farkonsa da ƙarshensa. Kafin a kai ga haka, ba ni da ikon faɗaɗa wa kaina hurumi don kawai na ga akwai buƙata.

Na kuma koyi cewa a cikin hurumina akwai abin da nake da cikakken iko a kansa, wanda a da nake jin nauyin amfani da shi. Idan awo ya zo da kumfa, ko bai ɗauko gefen dasashi sosai ba, ko ya kwana ya motse, yanzu mayar da shi nake yi da bayani cikin ladabi, ko da likitan ya girme ni, domin duk abin da aka gina a kan karkataccen awo mai baki ne zai sha wahalarsa. Idan takarda ta zo ba cikakken umarni, nakan buga waya in tambaya. Nakan tsabtace kowane awo da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin in zuba filasta, kuma ba na rage lokacin dahuwar roba don wani yana gaggawa, saboda robar da ba ta dahu ba tana barin sinadarin da ke sa baki ja da zafi. Maƙwabtan da ke zuwa gida kuwa, na samo hanyar da ba ta ɓata zumunci: in raka mutum wurin likita da ƙafata, in ya so a kawo mini aikin in sassauta masa kuɗin ƙira gwargwadon ikona.

Baba ya rasa sauran haƙoransa na sama a cikin shekarar, bayan an daidaita sugansa an cire su a hankali. Likitar ta jira dasashin ya warke, ta ɗauki awo sau biyu, ta aiko mini da takarda, na yi masa cikakken jerin sama mai rufe ganda. Ta koya masa ya riƙa cirewa da daddare ya wanke ya jiƙa cikin ruwa, ta kuma gaya masa ƙashin muƙamuƙi yana ci gaba da raguwa bayan cire haƙora, don haka robar za ta saki wata rana, sai a dawo a ƙara mata ciki. Kafin in miƙa aikin na je zaurensa na gaya masa gaskiyar abin da ya faru da na farkon, na roƙe shi gafara. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Ni na roƙe ka, ɗana, kai kuma kunyata ka ji. Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Ya ɗauki makonni kafin harshensa ya saba da sabuwar gandar, yana ta maimaita haruffa shi kaɗai bayan Asuba. A bara aka kawo mini robar aka ƙara mata ciki karo na farko, takardar likita tana naɗe tare da ita a cikin leda.