Larabawan da ban taɓa gani a allo ba

Mu 'yan zangon Kumasi da Larabci muka buɗe baki. Tun yaro bai iya ɗaura wando ba ya san wanke allo, in ya tasa ya shiga Ahalari da Ishmawi. Ni kaina Larabcin nake koyarwa a wata makarantar Islamiyya a nan Asawase. Duk da haka Balaraben da muka sani bai wuce kala uku ba. Akwai na cikin littafi, mai rawani da hikima. Akwai ɗan Labanan mai babban kanti a Adum. Sai kuma uban gidan da 'yan matanmu ke zuwa yi wa aikatau a ƙasashen Larabawa masu mai, wasu su dawo da labari mai ɗaci, har gwamnatin Gana ta dakatar da ɗaukar su a 2017. Balarabe talaka kuwa, mai tunanin kuɗin haya da na magani, ba a aji na haɗu da shi ba. A littattafan labari masu zane na same shi, waɗanda ƙanina da ke Landan yake aiko min in ya sami mai zuwa gida.

Ba irin zanen barkwancin bayan jarida nake nufi ba. Littattafai ne masu kauri, an raba kowane shafi gida-gida, kowane gida da hotonsa, maganar mutum kuma tana cikin 'yar da'ira a saman kansa. Larabawa ne suka zana, aka fassara su zuwa Turanci, da Turancin suka iso hannuna.

Wanda ya fi zauna min a rai shi ne Shubeik Lubeik na Deena Mohamed, matashiya 'yar Masar. Kashinsa na farko ya ci babbar kyauta a bikin littattafan zane na Cairo Comix a Alƙahira a 2017, sannan ita da kanta ta fassara shi duka zuwa Turanci, ya fito a 2023, shafi sama da 500. Ba ta yarda an juya shi ba. Ko na Turancin daga dama ake buɗe shi a karanta zuwa hagu, abin da ya sa ɗalibaina ba su ko yi tuntuɓe ba da na nuna musu, hannunsu ya riga ya saba.

A Alƙahirar da ta zana, biyan buƙata haja ce ta sayarwa. Ka saya, ka buɗe, ka faɗi abin da kake so, ya tabbata. Amma akwai daraja-daraja. Mai daraja ta ɗaya a kwalba take, tsadarta sai masu hali, kuma tana yin abin da aka ce daidai. Mai daraja ta uku a gwangwani take, ita talaka ke iya saye, ita ce kuma ke murɗe maganar mutum ta jefa shi cikin bala'i. Wani dattijo mai kiyos a bakin titi, Shukri, ya gaji kwalabe uku masu daraja ta ɗaya daga mahaifinsa. Ya ƙi taɓa ko ɗaya don yana ganin addini bai yarda ba, sai ya sa su a kasuwa da rahusa. Aziza, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da bashi, ta yi ta aikin wahala tana tari har ta sayi ɗaya. Da ta je yi mata rajista sai hukuma ta kama ta, don a ganinsu mace irinta ba za ta mallaki abu irin wannan ta hanyar halal ba. Ta yi shekaru a kurkuku a kan abin da ta saya da guminta.

A nan na ajiye littafin na yi shiru. Duk wanda ya taɓa zuwa neman wata takarda a ofis, aka dubi sunansa da shigarsa aka ce ya kawo shaidar cewa kakansa ɗan ƙasa ne, ya san irin kallon da aka yi wa Aziza. Deena ba ta yi dogon bayani a kai ba. Ta dai zana fuskar matar a gida bayan gida, tana zaune, shekaru na wucewa.

Baba ya gan ni da littafin wata ranar Juma'a bayan la'asar. Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya jujjuya, ya ce, “Malama guda da zanen masu rai?” Na ce, “Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, bari in ba ka labarin tukuna.” Maganar hoto magana ce da malamai suka daɗe suna saɓani a kanta, ni kuma ban kai in yi fatawa ba, don haka labarin Shukri kawai na ba shi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To shi da ya san haramun ne a wurinsa, don me yake sayar wa bayin Allah?” Muka kai magariba a kan wannan tambaya, shi yana kawo hukuncin ciniki, ni ina kawo halin talauci da ya matse mutumin. Bai ce ya yarda da zanen ba har yau. Amma littafin da zai sa Baba ya jawo Risala daga kan kanta ba wasan yara ba ne.

Na Zeina Abirached 'yar Labanan, A Game for Swallows, ya fito da Faransanci a 2007. Baƙi da fari ne tsantsa, labarin dare ɗaya tak a Beirut a 1984, tsakiyar yaƙin basasar da aka yi daga 1975 zuwa 1990. Iyayenta sun je gaida kaka a 'yan layuka kaɗan, ruwan bama-bamai ya hana su dawowa. Ita da ƙaninta suna zauren shiga gida, wurin da ya fi aminci, maƙwabta na saukowa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya kawo abin taɓawa, wancan ya kawo hira, don kada yaran su tsorata. Haka gidan hayarmu na Aboabo yake in ruwa ya yi gyara, kowa ya kwashi 'ya'yan kowa zuwa ɗakin da ke kan tudu. Tun da na karanta shi, in na wuce kantin ɗan Labanan sai in tuna wataƙila shi ma akwai zauren da ya baro.

Riad Sattouf kuwa ina da magana da shi. The Arab of the Future, tarihin rayuwarsa, littafi shida ne, daga 2014 zuwa 2022, kuma na farkon ya ci babbar kyautar bikin littattafan zane na Angoulême a Faransa a 2015. Uwarsa Bafaranshiya ce, ubansa ɗan Siriya, ya yi ƙuruciya a Libiyar Gaddafi da wani ƙauye kusa da Homs a Siriya. Gwani ne, ba musu. Kowace ƙasa da launinta, Libiya rawaya, Siriya ruwan hoda, Faransa shuɗi. Akwai inda suka fita yawo a Tarabulus suka dawo suka tarar wasu sun tare a gidansu, don a lokacin gidan da ba kowa a ciki na wanda ya shiga ne. Samarinmu da suka bi sahara zuwa Libiya za su ji daɗin wannan wuri. Sai dai yadda ya zana dangin ubansa ya yi min tsauri, kusan kowa mugu ne ko jahili. Na yarda abin da idon yaro ya gani ne, amma Baturen da bai taɓa zama da Musulmi ba zai rufe littafin ya ce dama haka suke. Ba na ba ɗalibaina shi, akwai shafukan da ba na yara ba.

Zanen nan da kasada masu shi suke yin sa. Magdy El Shafee ya fitar da Metro a Masar a 2008, labarin matashin da bashi da cin hanci suka tura fashin banki. Hukuma ta kwashe littafin daga kasuwa, kotu ta ci shi tara tare da mawallafinsa, sai a 2012 ya fito da Turanci.

Abin da ke damuna shi ne hanyar da littattafan ke bi kafin su zo mana. Alƙahira ta rubuta, Landan ko New York ta buga, sannan ni mai koyar da Larabci in karanta da harshen Ingila. Yaranmu da dama suna karatu a Azhar, suna dawowa da akwatuna cike da littattafan fiƙihu da nahawu, Allah ya saka musu. Roƙona ga wanda zai zo hutu bana, ya ƙara da Shubeik Lubeik na Larabci ko da kashi na farko ne, zan biya kuɗinsa. Ina so 'yan ajina na sama su ajiye shi gefe da na Turancin, mu bi shi gida-gida, mu gwada sa wa Aziza da Shukri Hausar zango a baki.