Ni fa ba aiki na tsana ba

Ranar da na gaya wa Baba na ajiye aiki bai ce min komai ba sai da ya gama cin tuwonsa ya wanke hannu, sannan ya ɗago ya ce "Malam, wato kai ma ka shiga sahun 'yan zamani marasa son wahala." Ni ne ɗan fari, ba ya kama sunana. Shi shekara 35 cif ya yi yana aikin gwamnati har ya yi ritaya, a wajensa duk wanda ya bar albashi da ƙafarsa to ko dai rago ne ko kuma an yi masa asiri. Ban yi musu da shi ba, amma maganar ta tsaya min a rai, dan wallahi ba wahala na guda ba.

Na gama bautar ƙasa 2016, lokacin alawi dubu 19 da ɗari 8 ne, na sha yawo da takardu a ambulan kafin wani kawuna ya samar min gurbi a wani kamfani da ke raba kayan masarufi a nan Kano, aka sa ni ɓangaren sito ina rubuta abun da ya shiga da wanda ya fita. Shekara biyar na yi. Aikin kansa ina sonsa, ni mutum ne da in lissafi bai daidaita ba bacci ba ya zuwa min. Abun da na kasa jurewa shi ne aikin kashi biyu ne ashe, akwai wanda aka ɗauke ka dominsa, akwai kuma na ganin ido, kuma na biyun shi ake biya da ƙarin girma.

Misali ƙarfe biyar ake tashi. Ni in na gama nawa biyar na yi zan haɗa jakata in nemi Adaidaita. Wasu kuwa tun ƙarfe uku ba abun da suke sai kallon ƙwallo a waya da hirar siyasa amma ba za su motsa ba sai motar oga ta fita daga get, ko da bayan isha ne. A takardar ƙarshen shekara su ne masu sadaukarwa, ni kuma an taɓa ba ni kwiri saboda na makara minti bakwai ranar da aka yi ruwa titi ya cika. Ga ofishin ya rabu biyu, 'yan manaja da 'yan akanta, in ka daɗe kana gaisawa da wannan kafin azahar labari ya kai wa wancan. Ka ce ba ruwanka da kowa sai duka ɓangarorin su ɗauke ka ɗan leƙen asiri. Haba.

Wanda ya ƙarasa ni shi ne na 2021. Kaya suna ɓata a sito kowane wata ba a san ta ina ba, na zauna kusan sati uku ina bin tsofaffin rasit ɗaya bayan ɗaya, da daddare a gida nake shigar da su Excel da kwamfutar ƙanina, har na gano inda ake ninka rubutun lodi ɗaya sau biyu. Na nuna wa wani abokin aikina dan ya duba min ko na yi kuskure. Ranar da babban oga ya zo daga Legas aka shiga mitin, ina zaune a kujerar baya, sai ga aikina a bango ana haskawa, mutumin nan yana bayani yana cewa "da muka zauna muka duba". Muka! Wata biyu bayan nan ya zama shugaban ɓangarenmu. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Ban yi faɗa da kowa ba, na dai ƙirga abun da na tara na ga zai riƙe ni wata shida in na ƙulle bakin aljihu, na rubuta takarda.

Sola na je koya. Ogana da ya koya min na girme shi da shekara shida, sakandare kawai ya gama, kuma da bakina nake ce masa Oga ina riƙe masa tsani. Nan ne na san me ake kira aiki. Batir ɗin nan mai ruwa na 200Ah, wato babban da ke tara wuta da yawa, ya fi buhun siminti nauyi, haka za ku ɗauke shi ku biyu ku hau bene. Azumin 2023 da ya faɗo cikin Maris da Afrilu a kan kwano na yi rabinsa, zafin Kano ya haura 40, kwanon in ka dafa da hannu sai ka ji kamar kasko. Ina dawowa gida wani lokacin ko buɗa baki ba na iya ci da kyau sai ruwa. A ofis akwai esi da kujera mai juyawa, amma a can ban taɓa yin baccin da nake yi lokacin koyon sola ba.

Abun da ya fi min daɗi a sana'ar nan shi ne ba ta san fuskar kowa ba. Ka haɗa batir biyu masu volt 12 su ba ka 24, ka juya fanel ya kalli kudu, ka ja wayarka daidai, ka kunna inbata, ko dai fanka ta juya ko ba ta juya ba. Ba wani "ranka ya daɗe" da zai sa firji ya yi sanyi. Sau ɗaya na juya waya, ja a wajen baƙa, na ƙona wa wani Alhaji kwanturola, na'urar da ke daidaita cajin batir, ƙauri ya cika ɗakin. Oga ya kalle ni ya ce "Yaya, kai za ka biya fa." Na biya daga aljihuna, magana ta ƙare a nan. Da a ofis ne da sai an yi sati ana rubuce-rubuce ana neman wanda ba shi da uban gida a ɗora masa.

Sai kuma Allah ya kawo lokaci. 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da 200 cikin 'yan kwanaki ta haura 500, masu janareto suka fara lissafi, wayarmu ta fara ƙara ba dare ba rana. A ƙarshen shekarar na fara karɓar aikin kaina.

To amma gaskiya ɗaya ce, akwai inda ni ma na yi wauta kuma sai da na fito na gani. Na ɗauka duk wata mu'amala a ofis munafunci ce. Ba na zuwa suna, ba na zuwa ɗaurin aure, ta'aziyya ma sai dai in tura saƙo a guruf ɗin WhatsApp, ina ganin ai ni aiki ya kawo ni. Shi wancan da ya ɗauke min aiki, ranar da mahaifiyar direbanmu ta rasu har ƙauyensu ya je ya kwana. Abun da ya yi min zalunci ne, har gobe haka nake kiransa, amma ba duka abun da ya kai shi gaba ne zalunci ba, wani zumunci ne da ni girman kai ya hana ni. Kuma a waje ma ba a tsira ba, akwai dillalin da ke son la'adarsa kafin ka ga kwastoma, akwai ɗan uwanka mai sana'a da zai je ya duba aikinka ya ce wa mai gida wayar jabu ce dan ya karɓe gyaran. Bambancin dai a nan in aikinka ya yi shekara biyu ba matsala, maƙwabta da kansu suke neman lambarka, surutun wani ba ya goge wannan.

Yanzu awannin da nake aiki sun fi na da, Asabar da Lahadi ma ba tabbas, wani watan a samu wani watan shiru musamman in damina ta zauna. Ba fansho, ba wanda zai biya ni in na kwanta ciwo, wannan kam yana damuna kuma Baba yana tuna min duk sati. Amma shi ma na sa masa fanel biyu da batir ɗaya, yana kallon labarai da daddare ko an ɗauke wuta, in baƙi suka zo sai ya nuna rufi ya ce aikin Malam ne.

Bara wancan mutumin da ya ɗauke min aiki ya kira ni, har yanzu yana kamfanin, ya zama mataimakin manaja. Wai yana son a sa masa sola a gida kuma ya san ni ba na ha'inci a lissafi. Na je na auna kayan wutarsa na ba shi farashi, ya yi ta ciniki kamar a Kwari muke, na yi masa aikin kwana biyu, yaransa suna ta tsalle da fanka ta tashi. Saura dubu 40 nake binsa, ya ce ƙarshen wata in albashi ya shigo.