Littattafai 66, 73 ko 81: Abin da Karatun Tarihin Ikilisiya Ya Koya Mini

Littafi Mai Tsarki da ke hannun ɗan Furotesta yana ɗauke da littattafai 66. Na ɗan Katolika yana da 73. Ikilisiyar Otodoks ta Habasha kuwa 81 take ƙirgawa. Duk wanda ya ji waɗannan lambobi, tambaya ɗaya ce ke fara zuwa bakinsa: wa ya ƙara, wa ya rage? Na daɗe ina karatun wannan fanni, daga baya kuma na koyar da shi ga masu shirin shiga hidima, kuma na lura tambayar kanta ce ke karkatar da hankalin ɗalibi. Tana sa ya ɗauka akwai wata rana da wasu manya suka kulle ƙofa, suka baje littattafai a gabansu, suka ce wannan ya shiga, wancan ya fita. Tarihi bai san da wannan rana ba.

Labarin da ya fi yawo shi ne na taron shugabannin ikilisiya da aka yi a birnin Nikiya a shekarar 325, wai a can ne Sarkin Roma Kustantin ya zaɓi littattafan da ransa ke so. Nakan sa ɗalibai su karanta abin da taron ya bari da idonsu: bayanin bangaskiya, da wasiƙa, da dokoki 20. Abin da ya tara su shi ne rigimar Ariyus kan allahntakar Almasihu, sai batun ranar Ista, sai tsarin shugabancin ikilisiya. Babu ko layi ɗaya kan jerin littattafai. Abin da sarkin ya sa a ƙone rubuce-rubucen Ariyus ne. Bayan 'yan shekaru kuma ya umarci Yusibiyus, bishof ɗin Kaisariya, ya sa a kwafi Nassi guda 50 domin majami'un sabon birninsa. Iyakar hannunsa a cikin maganar ke nan.

Inda abin ya samo asali shi ne wurin sujada. Manzo Bulus ya gaya wa Kolosiyawa cewa in sun gama karanta wasiƙarsa su aika da ita Lawudikiya, su kuma karɓi ta can su karanta. A wasiƙar Bitrus ta biyu an riga an ambaci wasiƙun Bulus tare da sauran Nassosi. Wajen shekarar 150, Yustin Shahidi ya bayyana yadda Kiristocin Roma ke taruwa ranar Lahadi, ana karanta abin da manzanni suka rubuta ko littattafan annabawa gwargwadon yadda lokaci ya ba da dama, sa'an nan shugaba ya tashi ya yi gargaɗi. Dole mutum ya tuna cewa a wancan zamani babu injin buga littafi. Kowane littafi zaman kansa yake yi, da hannu ake kwafarsa, da tsada, kuma sai matafiyi ya ɗauke shi daga wannan gari zuwa wancan. Saboda haka tambayar da ke gaban kowace ikilisiya ita ce: me ya cancanta a karanta a gaban jama'a ranar Lahadi? Amsar da ikilisiyoyi suka riƙa bayarwa, mako bayan mako, ita ce ta zama jerin da muke da shi.

Mutumin farko da aka sani ya fito da rufaffen jeri shi ne Markiyon, wanda ikilisiyar Roma ta kora wajen shekarar 144. Ya watsar da Tsohon Alkawari ɗungurungum, ya riƙe Bisharar Luka kaɗai bayan ya datse ta, da wasiƙun Bulus 10. Wajen 180, Ireniyus bishof ɗin Liyon ya tsaya tsayin daka cewa Bisharu huɗu ne: Matiyu, Markus, Luka da Yahaya. Bai yi maganar kamar mai kawo sabon abu ba. Yana kare abin da ya tarar ana yi ne.

Akwai labarai biyu da nake jimawa a kansu a aji, domin sun nuna yadda mutanen ke tunani fiye da kowane bayani. Na farko na Sarafiyon ne, bishof ɗin Antakiya wajen shekarar 200. Ya ziyarci wata ikilisiya a garin Rosus, ya tarar suna jayayya kan wata Bishara mai ɗauke da sunan Bitrus. Bai karanta ta ba, ya ce in dai ita ce kawai ke raba su, su karanta. Da ya sami littafin ya duba, ya ga an cusa koyarwar masu cewa Almasihu bai sha wahala da jiki na gaske ba, sai ya rubuta musu ya janye izinin. Sunan manzo a goshin littafi bai wadatar ba, sai abin da ke ciki ya yi daidai da bangaskiyar da aka karɓa tun farko. Na biyu yana cikin wani tsohon jeri da wani malami mai suna Muratori ya gano a Milan ya buga a 1740, wanda yawancin masana ke cewa asalinsa na ƙarshen ƙarni na 2 ne. Jerin ya zo kan wani littafi da Kiristoci ke ƙauna ƙwarai, Makiyayi, na wani marubuci mai suna Hermas. Bai kira shi littafin banza ba. Ya ce a karanta shi, amma kada a karanta wa jama'a a majami'a, domin kwanan nan aka rubuta shi, ba a zamanin manzanni ba. Wato tun a lokacin sun san littafi na iya zama mai amfani, mai gina ruhu, amma ba ma'aunin bangaskiya ba. Rashin gane wannan mataki na tsakiya shi ne ke haddasa yawancin gardamar da ake yi a yau.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne bambance tsakiya da gefe. Cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari, guda 20 kusan babu wanda ya yi jayayya a kansu cikin manyan ikilisiyoyi: Bisharu huɗu, Ayyukan Manzanni, wasiƙun Bulus 13, Bitrus ta fari da Yahaya ta fari. Bakwai ne aka daɗe ana kai-kawo a kansu. Yusibiyus da kansa, a farkon ƙarni na 4, ya rubuta cewa ana gardama kan Yakubu, Yahuza, Bitrus ta biyu, da Yahaya ta biyu da ta uku. Ikilisiyoyin yamma sun yi jinkirin karɓar Ibraniyawa saboda ba su tabbatar da marubucinta ba. Na gabas kuma sun yi ɗari-ɗari da Wahayin Yahaya, har ma a yau ba ya cikin jerin karatun sujada na Otodoks ɗin Girka, ko da yake sun yarda Nassi ne. Sai a 367 ne muka sami jerin 27 cif, cikin wasiƙar Ista ta Atanasiyus, bishof ɗin Iskandariyya. Tarukan ikilisiya da aka yi a Arewacin Afirka, na Hippo a 393 da na Kartaj a 397, suka bi sahu. Duk da haka tsohuwar fassarar Suriyanci, Feshita, littattafai 22 take da su a Sabon Alkawari, kuma babban kundin Sinai, wani kwafin Littafi Mai Tsarki na ƙarni na 4, ya haɗa da Wasiƙar Barnaba da Makiyayi a ƙarshensa.

Na ga ɗaliban da wannan bayani ya girgiza, kuma ina ɗaukar damuwarsu da muhimmanci. Amma ni abin ƙarfafa ni ya yi. Mutanen nan ba su ɓoye shakkarsu ba, sun rubuta ta, shi ya sa muka san da ita. Na gaskata Ruhu Mai Tsarki ne ya bi da Ikilisiya, kuma hanyar da ya bi da ita ta jinkiri ce, ta tambaya da bincike.

Duk bambancin 66 da 73 a Tsohon Alkawari yake, domin Katolika da Furotesta da Otodoks ɗin Girka ba su saɓa ko da littafi ɗaya a Sabon Alkawari ba. Yahudawa suna ƙirga littattafansu 24, kuma su ne dai 39 na Furotesta, ƙirgar ce ta bambanta: ƙananan annabawa 12 littafi ɗaya ne a wurinsu, haka Sama'ila, Sarakuna, Tarihi, da Ezra haɗe da Nehemiya. To amma tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan Iskandariyya suka fara juya Attaura zuwa Girkanci, sauran littattafan suka biyo baya. Da wannan fassara Kiristocin farko suka fi aiki, kuma tare da ita aka riƙa kwafar wasu littattafan Yahudawa guda bakwai: Tobit, Judit, Hikimar Sulemanu, Sirak, Baruk, Makabi na fari da na biyu, da ƙari a cikin Esta da Daniyel. Ba Kiristoci ne suka ƙirƙiro su ba. Cikin naɗaɗɗun littattafan da aka fara ganowa a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947 an sami guntayen Tobit da Aramanci da Ibrananci, da na Sirak da Ibrananci.

Manyan malamai biyu na zamani ɗaya sun rabu a kan wannan. Jerom, wanda ya zauna a Baitalami ya fassara Tsohon Alkawari zuwa Latin kai tsaye daga Ibrananci, ya ce abin da ba ya cikin jerin Yahudawa a karanta shi domin gina jama'a, amma kada a kafa koyarwa a kansa. Agustin, bishof ɗin Hippo, ya ce abin da ikilisiyoyi suka saba karantawa shi ne abin bi, kuma ra'ayinsa ne tarukan Hippo da Kartaj suka ɗauka. Fiye da shekara dubu ra'ayoyin biyu suna zaune tare cikin ikilisiya guda. Rikicin ƙarni na 16 tsakanin Katolika da Furotesta ne ya tilasta kowa ya ɗauki ɓangare, musamman da yake Makabi na biyu sura 12 ta yi maganar addu'a domin matattu, abin da ɓangarorin biyu suka saɓa a kansa. A Littafi Mai Tsarki na Jamusanci na 1534, Martin Luta ya tattara littattafan ya sa su tsakanin Alkawaran biyu, ya ce ba daidai suke da Nassi ba amma suna da kyau da amfani a karanta. Ranar 8 ga Afrilu 1546 taron shugabannin Katolika a birnin Tirent ya tabbatar da su a matsayin Nassi ga Katolika. Fassarar Ingilishi ta Sarki Jemis ta 1611 ma tana ɗauke da su. Sai a 1826 ne babbar ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta yanke shawarar daina kashe kuɗinta wajen buga su, daga nan suka ɓace daga yawancin kwafin Furotesta.

Shi ya sa ba na barin ɗalibi ya ce Katolika sun ƙara littattafai a 1546, alhali suna cikin jerin Kartaj tun 397. Ba na kuma barin a ce Luta ne ya ƙago bambancin, alhali Jerom ya riga shi da shekara sama da dubu. Ni ɗan ikilisiyar da ke riƙe da 66 ne, kuma hujjar Jerom ta gamsar da ni. Amma wajibi ne in faɗi matsayin ɗan'uwana yadda shi da kansa zai ji ya ce, haka ne.

Akan tambaye ni littattafan da ake cewa an ɓoye. Bisharar Toma, da aka tono a Nag Hammadi ta Masar a 1945, an buga ta an fassara ta, kowa na iya karantawa ya auna. Linjilar Barnaba da ake yawo da ita kuwa daban take da tsohuwar Wasiƙar Barnaba. Kwafinta mafi tsufa da Italiyanci yake, na ƙarshen ƙarni na 16. Ta ce Yesu ya shiga jirgin ruwa zuwa Nazarat, garin da ke kan tudu nesa da ruwa, ta kuma sa shi ya musanta cewa shi ne Almasihu, abin da ya saɓa wa Littafi Mai Tsarki da Alƙur'ani baki ɗaya.

Littafin Anuhu kuwa maganarsa ta fi wuya, kuma gara a faɗi haka. Wasiƙar Yahuza ta ɗauko magana daga cikinsa kai tsaye, an sami guntayensa a Kumran, kuma Ikilisiyar Habasha, wadda Kiristanci ya kafu a ƙasarta tun ƙarni na 4, ta riƙe shi a matsayin Nassi. Da harshen Gi'iz kaɗai aka adana shi cikakke. Sauran ikilisiyoyi ba su karɓe shi ba, suna cewa ɗauko magana daga littafi ba ya mai da shi Nassi, tunda Bulus ma ya ɗauko daga mawaƙan Girka a Atina.

A aji nakan sa ko wanda bai karɓi littattafan nan bakwai na su Tobit da Makabi ba ya karanta su. Yahaya 10:22-23 ta ce Yesu yana Haikali lokacin Idin Tsarkakewa, kuma babu inda littattafan 39 suka ba da labarin wannan idi. Makabi na fari sura 4 ce ta bayyana yadda Yahuda Makabi ya tsarkake Haikalin a shekara ta 164 kafin haihuwar Almasihu, bayan Sarki Antiyokus ya ƙazantar da shi. Haka kuma inda Ibraniyawa 11:35 ta yi maganar waɗanda aka azabtar suka ƙi karɓar saki domin su sami tashi mafi kyau, labarin uwa da 'ya'yanta bakwai da ke Makabi na biyu sura 7 ne ya fi dacewa da abin da marubucin ke nufi.