Layin da aka goge, ido ya ga fitarsa

A ɗan kamfaninmu da ke Kano manhajojin waya muke haɗa wa 'yan kasuwa: littafin bashi, lissafin kaya, rasit. Cikin ayyukanmu akwai wanda nake ji da shi sosai, wato yadda layi ke fita daga jeri idan an goge shi.

Mai shago a Kantin Kwari zai ja sunan wanda ya biya bashi gefe da babban yatsa. Idan layin ya ɓace farat ɗaya, na ƙasa suka yi tsalle suka cike gurbin, sai gabansa ya faɗi: na Alhaji na goge ko na ƙanensa? Shi ya sa a namu layin yake zamewa ya dushe tukuna, sannan na ƙasa su matso a natse, kamar yadda ake cike sahu idan mutum ɗaya ya fita. Daga ƙasa kuma maɓallin "Dawo da shi" zai tsaya na 'yan daƙiƙu.

Wayoyi da yawa sau 60 suke sabunta allo a daƙiƙa ɗaya, kowane zane bai kai milisakan 17 ba (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). In ka ɗora wa waya goge bayani daga ma'ajiya a daidai wannan lokacin, motsin sai ya riƙa sarƙewa, don haka muke tura aikin bayan fage. A Android masu haɗa manhaja cikin gaggawa wani umarni mai suna notifyDataSetChanged kawai suke kira, a sake zuba jerin gaba ɗaya. Mu DiffUtil, wani kayan aiki mai kwatanta tsohon jeri da sabo, muke ba aikin, kowane layi da lambarsa, ya gano wanda ya fita shi kaɗai ya taɓa.

Ogan da ya koya mini, Allah ya saka masa da alheri, ba ya duba aiki a wayarsa mai tsada. Wata tsohuwar Itel yake ciro wa daga durowa, ya cika jerin da sunaye, ya yi ta gogewa da sauri yana kallo. In ta yi ɗan tsaiko, ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba. Har gobe haka muke gwaji, a Itel da Tecno, domin su ne a hannun mutanenmu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu sayen manhaja haɗaɗɗiya a intanet, su canja launi da suna, su karya farashi. Sai mutum ya zo yana cewa, "Malam, wane ya ce zai yi mini a rabin kuɗinka." Ba na ja da shi. Nakan ce ya buɗe tasu, ya goge layi biyar a jere, sannan ya zo ya gwada tamu.