Ciwon da Ba a Ji Kukansa Ba

Babu wanda ya taɓa jin zafin da ke jikin wani. Likita yana iya auna zazzaɓi, ya ɗauki hoton ƙashin da ya karye, amma raɗaɗin kansa mai shi kaɗai ya san iyakarsa, sauran mutane sai dai su gaskata shi ko su ƙaryata shi. A ganina, nan ne maganar ciwo take zama maganar adalci.

Masanin falsafa Rene Descartes na Faransa, wanda ya rasu a 1650, ya ɗauki dabbobi tamkar injuna marasa tunani, har wasu mabiyansa suka ce kukan kare ba shaidar ciwo ba ne. A 1789 Jeremy Bentham na Ingila ya mayar da martani cewa abin dubawa shi ne ko halitta tana iya shan wahala, ko da ba ta magana, ba ta tunani. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, domin hadisin da Imam Muslim ya ruwaito ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa, ya hutar da dabbar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne labarin jarirai. Har tsakiyar shekarun 1980, a asibitoci da dama na Amurka da Turai, akan yi musu tiyata da maganin da ke hana jiki motsi, ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba, bisa zaton jijiyoyinsu ba su yi ƙwarin jin ciwo ba. Binciken da Dakta Anand ya wallafa a 1987 ya nuna cewa bakwainin da aka ba maganin kashe zafin sun fi samun sauƙi bayan aiki. Likitocin nan ba mugaye ba ne. Sun ga shiru ne, suka ɗauka lafiya ce.

Mu ma da muka girma kan yabon dauriya muna da namu kason. Mai naƙuda takan cije leɓe, ta damƙe gefen gado har zufa ta jiƙa ɗankwalinta, don kada a ce ba ta da kunya. Saurayi mai sikila yakan dunƙule a kan bencin asibiti. In ya yi shiru a wuce shi, in ya yi ihu a ce raki ne, ko allura yake nema.

Na yi imani cewa ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa zunubi da ita, kuma wannan babban lallashi ne ga majinyaci. Amma ladan nasa ne, bai sauke wa na kusa da shi nauyi ba. Wanda yake da halin kai shi asibiti ko saya masa magani, ya tsaya ga cewa "sai haƙuri", ya ɗora wa mara lafiya aikin da yake kansa.