Baƙin mai ne ya cinye mini cen

Ƙannena, ranar da na sayi keken tserena na farko, ɗan gwanjo mai lanƙwasasshen kai, fenti kawai na duba. Yana sheƙi, ga sunan Shimano, kamfanin kayan keke, rubuce a jikin giya, sai na zaro kuɗi. Ban juya taya na ga ko rim ɗin a miƙe yake ba, balle in taɓa cen.

Abin da ya fi ci mini kuɗi daga baya shi ne baƙin mai. Duk Asabar sai in biya Panteka wurin wani bakanike, in roƙi wanda aka juye daga inji, in tsiyaya wa cen har yana ɗiga. Ni a ganina gata nake yi masa. To, ga hunturun Kaduna. Kafin ka taka daga Kawo zuwa Mando ka dawo, ƙura ta bi man nan ta manne, sun haɗu sun zama kamar yashin goge tukunya, suna cin cen da haƙoran giya a hankali. Wata safiya ina hawan gadar Kawo, na miƙe tsaye na danna feda da ƙarfi, cen ya zame, gwiwata ta daki ƙarfe. Sati guda ina ɗingishi.

Dattijon da ke gyara mini ya ɗauko abin awo, ya ce, "Yaro, ai cen ɗinka ya buɗe." A wurinsa na koyi cewa cikakkun gaɓoɓi 12 na sabon cen (gaɓar ciki da ta waje a haɗe su ne cikakkiya ɗaya) inci 12 ne daidai. In sun zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, canja shi. In sun kai kashi ɗaya cikin 8, to haƙoran baya ma sun tafi, sabon cen ba zai zauna a kansu ba. Nawa ya kai nan, sai da na sayi duka biyun.

Yanzu tsohon burushin haƙori da ɗan kananzir nake sa wa cen, in goge da tsumma, in bari ya bushe sarai. Sannan man cen, ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, in juya feda baya, in sake gogewa har ya zama kamar ban sa komai ba. Aikin man a ciki yake, wanda ya rage a waje ƙura kawai yake kira.

Kada kuma ku kai keken wurin wankin mota. Na yi sau biyu da damina don ƙyuya. Ruwan injin nan mai ƙarfi ya kori giris daga boris, tsatsa ta shiga, taya ta fara gurnani. Bokiti da soso sun isa. Ku riƙa cire tsakuwar da ke maƙalewa a robar birki, domin tana zaizaye rim.

Sai iska. Siriryar tayar nan mai faɗin milimita 25 ƙarancin iska ke sa ta cije tif in ka faɗa rami, ka ga huji biyu a jere. Bakin tif ɗin ma siriri ne, famfon mai faci na bakin titi ba ya kama shi sai da ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a kai. Ban san haka ba sai da na turo keke da ƙafa tun daga Rigachikun. Yanzu a aljihun da ke ƙarƙashin sirdi ɗan ƙarfen yake kwana, tare da tif guda.